Ƙasar da Mai Baro Ya Kawo

Hannun mai wanki na cikin kumfa lokacin da 'yar Mai Lambu ta faɗo gidan ba sallama.

"Gwaggo, Inna ta cika. Yanzu a asibiti."

Mai wanki ta yi salati, ta zauna daɓas a kan kifaffen bokiti. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Mai Lambu, gajeriya, kuma ta samanta ake miƙo mata alayyahu kusan kullum. "Ungo, uwar son banza," haka marigayiya take ce mata tana dariya.

Da, tsakar gidan Mai Lambu tsakuwa ce zalla. Ƙanin mijinta, mai tura baro, shi ya riƙa kawo mata baƙar ƙasa har lambu ya kankama. Da malamin gona ya zagayo unguwa yana cewa kowa ya ɗebi ƙasarsa a leda a kai a gwada kafin shuka, mai baro ya fashe da dariya.

"Ƙasa kuma jini ce da za a kai ta awo? Yaya, dubi baƙinta. Ko ƙusa kika shuka sai ta yi ganye."

Ba ta kai ba. Shekaru tana ci daga lambun, sai ciwon ciki, sai kumburin ƙafa, har hannu ya kasa ɗaga butar ban ruwa. Likita ya ce dalma ce a jininta, ta lalata ƙoda. Sai a lokacin 'yar ta kai ƙasar gwaji, aka samu dalma a cikinta, aka kuma gano daga wurin da ake fasa tsofaffin batura aka kwaso ta.

Ranar zaman makoki mai wanki ta shiga lambun ta tsinko alayyahu dami guda, ta fita har inda maza suke zaune, ta dire shi gaban mai baro.

"Ga rabonka. Kai wa yaranka a yi musu miya."

Ya janye ƙafa kamar ya ga maciji. "Haba baiwar Allah, wannan ai ƙaddara ce."

"Ƙaddarar ce ta hana ka karɓar ko ganye ɗaya tun da ta fara shuka? Kullum ta miƙa maka sai ka ce cikinka ba ya so. Ni na ci. 'Ya'yana sun ci."

Wani dattijo ya ce, "Yi haƙuri 'yata, makoki ake."

"Baba, mai haƙurin ai ita kuka binne ɗazu."

Tun daga nan ta sa shi a gaba. Duk inda ya tsayar da baronsa a bakin titi yana sayar da ƙasa, tana nan da kullin wanki a kai. Mace na zuwa taya ƙasa sai ta matso.

"'Yar'uwa, ɗebi kaɗan a leda ki kai a gwada tukuna. In ta fito lafiya, ni zan tura miki baron har gida."

"Wai ke me na tsare miki?" in ji shi.

"Ba komai. Jira nake in ga ka ci."

Ya sauya titi, ta gano shi. Yanzu baron a cike yake fita, a cike yake komawa.

An rufe lambun, ba mai ci daga cikinsa. Kusurwa ɗaya kawai mai wanki take ba ruwa ta saman katanga. Kowace safiya sai ta tsinki ganye kaɗan, ta ɗaure su da zare a hannun baron, ta wuce. Har rana ta take ganyen na nan yana yaushi, mai baro bai taɓa shi ba.