Ƙofar da Ta San Mai Gida

Ranar da masu gaisuwa suka watse, ƙofar gidansa ta daina gane shi.

Duk kwanakin rasuwar a buɗe take, an tokare ta da kujera. Da ya raka ƙanin marigayiyar matarsa bakin titi ya dawo, sai ya tsaya gabanta yana jiran ƙarar sakata kamar kullum. Shiru. Ya ja baya, ya sake matsowa, ya ɗaga aljihun da wayar take ciki kamar mai nuna wa ɗan sanda takarda. Ƙofa ta yi masa kallon baƙo. Sai da ya ciro wayar ya danna da yatsa sannan sakata ta janye.

Shi ya ƙera makullin nan. Malamin lantarki ne da ya yi ritaya daga kwalejin fasaha, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane yadda ba za su ƙone gidajen mutane ba. Suna zaune a saman bene, ƙofar shiga kuma tana ƙasa, bakin layi. Da gwiwoyin matarsa suka gaza, sai ta koma jefo wa baƙi ɗan makulli ta taga a cikin tsohuwar safarsa. Ranar da safar ta sauka a kan hular wani tsohon shugabansa, ya ce ya isa.

Ya je ya tambayi kuɗin makullin da ake buɗewa da waya, aka faɗa masa, ya tambayi mai shagon ko har da mai gadi ake haɗawa. Ya dawo gida ya mamaye teburin cin abinci. Ya ciro ɗan injin tsohuwar firinta ya ɗaura masa sakata, ya samo batir da ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, gidan ya yi watanni yana warin dalma. Burinsa makullin da direba ko tela zai saya ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Buɗewa da danna waya ba ta ba shi wuya ba. Matarsa takan zauna kan kujerarta jikin taga, rediyo a gefe, ɗinki a cinya, ta leƙa, ta danna, baƙo ya hau. Shi dai hakan bai ishe shi ba. So yake ƙofar ta ji wayar mai gida tun daga aljihu ta buɗe da kanta. A kan tebur abin ya ƙi. Ya ɗora laifin a kan tarin ƙarafan da ke kusa, ya kafa makullin a ƙofa haka nan, ya fita, ya juyo. Yana isowa sakata ta ce ƙwas.

Ya hau benen nan kamar ba shi ne mai ciwon baya ba.

"Kin ji? Ya gane ni."

"Ai dole ya gane ka, Malam," in ji ta, idonta a kan allura. "Wa ke da irin tafiyar nan in ba kai ba?"

Tun daga ranar, haka yake shiga gida. Ba sannu da gida, ba yaya ƙafar. Kin ji? Ita kuma ta ce ta ji.

Wannan fasahar ce ta sa wani dillalin kayan ƙofa da ake kira Mai Sakata ya yi masa alkawarin zuwa ya gani. Makullin dannawa ya cika kasuwa, in ji shi, amma mai arha da ke gane mai shi, wannan zai sa a ƙera masa da yawa. Ko a wurin gaisuwa, bayan addu'a, sai da ya sunkuyo ya raɗa masa cewa maganarsu tana nan, ƙarshen mako zai leƙo. Mutum ne mai tausayi daidai gwargwadon ciniki.

Saboda haka Malam ya duƙufa. Ya canza batir. Ya zargi danshi, ya busar da allon. Ya sauko da littattafan da ya daɗe bai buɗe ba, waɗanda duk suka yarda cewa abin ya kamata ya yi aiki. Ya riƙa sauka yana tafiya har shagon aski da ke kwanar layi yana dawowa, har mai askin ya leƙo ya tambaye shi ko likita ne ya rubuta masa zagaye. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai taɓa komai ba. Abu ya yi aiki fiye da shekara, ba gardama, sai yanzu da zai fita kunya.

'Yarsu Auta ta rage a gidan tana haɗa kayan mahaifiyarta. Ta yi ta kallonsa yana sauka yana hawa, tana ajiye masa shayi yana hucewa. Sau ɗaya ta ce ya bar shi haka nan mana, ai dannawa ma ba laifi. Ya ce da ita in dannawa ce, ai safa ma ba laifi.

Ana gobe Mai Sakata zai zo, da hantsi, ya sake juyowa daga kwanar layi, kafin ya kai ƙofa sakata ta ce ƙwas. Ya tsaya. Ya hau yana haki, bakinsa ɗauke da maganar da ya saba.

Auta ce zaune a kujerar jikin taga, wayar mahaifiyarta a hannunta, idanunta jajur.

"Ni ce, Baba. Haka Mama take yi."

Ta ci gaba. Ranar farko, in ji ta, Mama ta hango shi ta taga yana tahowa yana gyara wuyan riga kamar mai shiga jarrabawa, ta kasa jure ganin ya tsaya a rana, ta danna. Ta yi niyyar gaya masa da yamma, sai ta ji yana ba wani labari a waya har muryarsa tana rawa. Shi ke nan abin ya zama aikinta. Ta san lokutan dawowarsa, ta san tarinsa tun daga kwanar layi. In za ta shiga wanka da wayar take shiga. In sun fita tare, hannunta yana cikin jaka. Ranar da barci ya ɗauke ta ya tsaya a waje, shi da kansa ya ce ruwan sama ne ya dama siginar, ta ce lallai kuwa.

Shi ne mutumin da ya sha gaya wa ɗalibai kada su yarda da gwajin da mai son ya ci ya tsaya a kansa. Bai taɓa tambayar kansa wa ke tsaye a kan nasa ba.

Ya sauka ya kwance allon, ya sa gilashin ƙara gani. Wani ɗan ƙanƙanin abu mai ƙafa uku, tun ranar farko a juye ya liƙa shi. Gyaran bai kai hucewar kofin shayi ba.

Mai Sakata ya zo, ya karɓi wayar ya sa a aljihunsa, ya je ya dawo, ƙofa ta buɗe. Ya sake, ta sake buɗewa. Ya yaba, ya ce za a fara, ya tambaya ko an daɗe ana gwada shi. Malam ya ce tun jiya. Mai Sakata ya yi dariya, ya ɗauka raha ce.

Makullin yana aiki yanzu. Sai dai sai ya zo daf yake buɗewa, dole ya ɗan tsaya, alhali a da ko saurinsa ba ya ragewa. Kuma yana buɗewa ko wucewa kawai zai yi, don bai san bambancin mai dawowa da mai wucewa ba. Auta ta koma gidan mijinta, ta bar kujerar inda take.

Yakan hau benen a hankali. Ba godiya yake son yi wa matarsa ba, don da ya gode mata da ta ce ya daina shirme ya wanke hannu. So yake ya shiga sau ɗaya ya same ta jikin taga, ya tsaya a kanta har sai ta ɗago, ya ce mata, "Ashe ke ce."