Jar Fitilar Ramin Disket

Ni da Zaliha aji guda muka yi a lakwal ɗin Kaita. Ita ta wuce kwaleji a Madawa, ni na tsaya a aji huɗu. A 1988 muka sake haɗuwa a biron wani proje na gyaran ƙasa, wato ofishinsu na Kaita: ita a kan kujera gaban ordinatar, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, ni da tsintsiya.

Lokacin da Manzo, ma'aikacin da aka aiko daga Yamai, ya zo girka na'urar, kwana uku ina tsaye bayansu da butar shayi. Na ga ya kwashe ƙananan sassan da tsarin lissafin ruwan sama ke kira, daga disket ɗinsa, ɗan faifan da ya zo da shi, zuwa cikin na'urar. Na ga kuma layin da ake faɗa mata inda za ta neme su. Mota na jiransa, ya zare disket ɗinsa ya tafi bai canja layin ba.

Ranar Litinin shef Iliya, shugaban biron, ya ce baƙi za su zo daga Tawa ranar Alhamis. In Zaliha ta fitar da rahoton ruwan gulabe, ita za a aika Yamai koyon aiki wata shida.

Na'ura ta ƙi. Duk sanda Zaliha ta danna, sai jar fitilar ramin disket ta kama, ramin da babu komai ciki, sannan na'urar ta rubuta cewa ba ta samu ba. Nan take na gane. Na ci gaba da shara.

"Tabawa, dan Allah daina tada mini ƙura, kaina na ciwo," in ji ta.

"To, Madam."

"Madam ta gidanku! Kin manta ni nake cinye miki ɗanwake?"

Ban yi dariya ba. Ina kallon takalminta mai tsini, ina ganinta a bakin kogin Yamai, ni kuwa ina nan da ƙurar Kaita. Talata ta wuce haka. Ko ruwa ban kawo mata ba.

Laraba da hantsi na tarar ta kifa kai a tebur, kallabinta a ƙasa. Na ɗauka na miƙa mata. Na ce mata:

"A ramin disket take nema. Kayan suna ciki, inda Manzo ya zuba su. Ki canja mata hanya."

Na nuna layin da yatsa, ban taɓa madannin ba. Ta goge, ta rubuta wurin da na faɗa. Fitilar ba ta kama ba. Injin bugawa ya fara ƙara.

Zaliha ta juyo a hankali.

"Tun yaushe kika san hakan ga?"

"Tun Litinin."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta yage takardun daga injin ta kai wa shef, ba ta ambaci sunana ba. Ran Asabar ta shiga motar Yamai. Hasana mai tuyar ƙosai ce ta faɗa mini.