Layin Da Ba Ya Kira

Inna ta ɗaga wayar sama, ta juya ta gabas, ta juya ta yamma, ta hura mata iska kamar mai farfaɗo da garwashi. Ƙananan sandunan nan na sabis da ke tsayuwa a kusurwar gilashin babu ko ɗaya. Ta mayar da ita bakin taga, ta sake ɗauka, ta fita tsakar gida, ta dawo. Zama ya gagare ta.

"Auta! Zo ki duba min, abin nan ya makance."

Auta ta tsayar da keken ɗinki ta fito da zare a baki, tana mamaki, don wannan wayar ko ƙuda bai isa ya sauka a kanta ba. Tun da yayanta Dogo ya tafi neman aiki wata ƙasa mai nisa, Inna ta kafa doka: ba a kira da ita, ba a taɓa ta. Dogo ba shi da waya. Ta aro yake samu, yau ta wannan, bayan watanni ta wancan, ya yi magana a gurguje ya kashe. Babu wanda ya san inda yake kwana balle a bi sawunsa. Lambar Inna kaɗai ya haddace. To, in ya kira ya tarar ana magana fa? Shi ya sa layin yake zaune a buɗe, ba a kira, sai jira.

Auta ta latsa, ta latsa, sai zaren ya faɗi daga bakinta.

"Inna, ai saƙonni ne jibge a nan. Tun tuni suke cewa za su rufe layin in ba a yi kira da shi ba."

"Su wa?"

"Babban kamfani mana. Kin manta ya haɗiye namu?"

Ba ta manta ba. Ta ga ranar da aka kwance dogon ƙarfen sabis na ƙaramin kamfanin waya a bayan kasuwa, aka loda shi a mota gunduwa-gunduwa. An ce garin ya yi ƙanƙanta da dogayen ƙarafa biyu, ɗaya ya fi sauƙi ga kowa. Inna ta wuce abinta a ranar, a ganinta rigimar masu kuɗi ce. Yanzu kuwa sai ta fara laluben mayafi.

* * *

A ofishin kamfanin, layin mutane ya kai bakin titi. Da can, lokacin da kamfanonin suke biyu, har ruwan sanyi ake miƙa wa mutum, a kira shi ranka ya daɗe. Yanzu taga ɗaya ce a buɗe, ma'aikacin kuma ba ya sauri, don ya san duk mai fushi gobe ma nan zai dawo. Wani tsoho a gaban Inna ya ce, "Ni fa na yi zuciya na bar su sau uku, kuma duk ukun wajensu na koma." Aka yi dariya. Inna ba ta yi ba, sai sauya ƙafa take tana murza wayar a cikin mayafi.

Da aka zo kanta, ma'aikacin ya buga lambar bai ɗago ba.

"Mama, layinki matacce ne."

"Matacce kamar yaya, ɗan nan? Kullum sai na ba shi wuta."

"Ba ya kira. Layin da ba ya kira, a wurinmu ya mutu."

"Ai jira yake! Waɗancan ba su taɓa cewa ya mutu ba."

"Waɗancan babu su. Lambar ta koma kasuwa. Ki karɓi sabuwa, kyauta ce."

Inna ta dafa katakon tagar. Ta fara ba shi labarin Dogo, amma tuni idonsa ya tsallake ta zuwa na baya.

* * *

Auta ce ta ji cewa akwai hukumar da ke sa wa kamfanoni ido. Washegari suka hau bene, suka tarar da wani jami'i mai fara'a a ƙarƙashin fanka. Mutumin kirki ne, har kujera ya jawo wa Inna, ya saurare ta har ƙarshe yana girgiza kai.

"Gaskiya ba su kyauta ba. Amma sun aiko gargaɗi, doka ta ba su dama. Da kun zo kafin a rufe, kuna da 'yancin ɗauke lambarku ku koma wani kamfani."

Auta ta ce, "Wane kamfanin, yallaɓai?"

Ya ɗaga kai ya dubi fankar.

"To, ku bar mana koke. Za mu tura musu su bincika."

"Su da suka yi abin?"

"Su ke da na'urar, ƙanwata."

Inna ta miƙe ba ta jira sauran ba. A kan matakala ta ji haushin kanta ya fi na kowa. Kira ɗaya, ko na gaisuwa, da ya cece ta. Tsananin tattali ne ya kashe mata layin.

* * *

Kwanaki ta yi tana kai-kawo tsakanin taga da ƙofa, abinci ba ya shiga. Ran nan da hantsi ta tsaya a kan Auta tana tsakiyar ɗinki.

"Buga min lambata."

"Inna, an rufe fa."

"Na ce ki buga."

Auta ta buga a tata wayar. Ga mamakinsu sai ta shiga. Wani mutum ya ɗauka, ana jin ƙarar injina a bayansa. Inna ta fizge wayar, ta gaishe shi da ladabi kamar suruki, ta ce lambar nan tata ce a da.

"Ni dai saye na yi a ofishinsu, Mama. Har na rubuta ta a allon shagona."

"Ba karɓewa zan yi ba, ɗana. Tambaya ce. Babu wanda ya kira yana neman Inna?"



"Af! Akwai wani. Muryarsa can nesa, tana yankewa. Ya kira, ya sake kira, wai a ba shi Innarsa. Na ce babu wata Inna a nan."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce, ko rasuwa ta yi? Ni kuma aiki ya sha min kai, na ce ban sani ba, lambar dai ta wanda ba ya amfani da ita ce aka sayar min. Sai na ji ya kashe."

Inna ta zauna a kan tulin yadin Auta. Ta roƙe shi, don Allah in ya sake kira, ya ce tana nan da ranta, ya ba shi lambar ƙanwarsa. Mutumin ya ce to, zai yi, amma fa an kwana biyu bai ƙara ji daga gare shi ba.

Auta ta kifa kai a kan keken tana kuka. Inna ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta goge gilashin tsohuwar wayar da bakin zaninta, ta jona ta a wuta, ta jingine ta a bakin taga, daidai inda take kama magana a da. Sannan ta jawo kujera ta zauna.