Filashi a Ɗakin Iya

Iya ce ta kafe sai an ɗauke ta hoto da 'ya'yanta uku, tun da Allah ya sake haɗa su wuri guda. Hotunansu duk sun salwanta lokacin da aka wawashe gidansu na unguwar Kalakla, har da na marigayi mijinta. Yanzu a birnin Omdurman suke zaune, a gidan wata ƙawarta da ta tafi Masar ta bar musu makulli.

Sittana, autar Iya, ɗaukar hoto ce sana'arta. Kafin yaƙi amaren unguwar Alsahafa take ɗauka, kuma ranar da za su gudu ta naɗe kyamararta da filashi ɗaya mai aiki da batir da sauran 'yan kayan aikinta a cikin zanen Iya, ta fita da su. Aikin ba wani abu ba ne a wurinta. Sai dai Iya ba ta iya sauka daga gado, ɗakin kuma duhu, don tagarsa an toshe ta da bulo tun lokacin harbe-harbe. Wutar lantarki kuwa an daɗe rabon unguwar da ita. Dole sai an kunna filashi.

Abin da ya dami Sittana shi ne babban yayansu, Abubakar Sadiƙ. Shi ya ƙi gudu, ya zauna a Kalakla har gari ya lafa. Ya dawo musu a rame, magana ma sai ta kama dole. Ranar da ya iso tayar wata raksha, irin babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta fashe a titi, sai ganinsa suka yi kwance a ƙasa ya rufe kai da hannuwa. Ni'mat, wadda ke bin sa, ta ce ko fitilar waya aka haska masa ba zato jikinsa rawa yake yi. Shawararta ita ce a ce wa Iya batir ya mutu. Sittana kuwa sai ta ɗauki batirin ta kai gidan burodin bakin layi, inda suke da sola, aka cika mata shi.

Bayan la'asar ta kafa filashin a kan sandarsa, ta buɗe farar lema a gabansa, ta juya shi ya fuskanci bango don hasken ya dawo a tausashe. Ta rage ƙarfinsa sosai, ta kashe ɗan kukan da yake yi idan ya sake cika. Sannan ta fita tsakar gida, ta tarar da yayan nata zaune a gindin darbejiya.

"Yaya, abin nan haske yake yi farat ɗaya, kamar walƙiya, amma ba ya ƙara. In ba ka so, sai mu bari. Ni zan yi wa Iya bayani."

Ya ce yana so ya fara ganinsa tukuna.

Ta miƙa masa ɗan rimot ɗin da ke tayar da kyamara da filashi tare, ta nuna masa inda ake dannawa. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya rufe ido, ya danna. Kafaɗunsa suka zabura. Ni'mat ta yunƙura za ta riƙe shi, Sittana ta kama hannunta. Ya ja numfashi, ya sake dannawa ido a buɗe. Ya yi ta yi, har Iya ta fara mita daga kan gado, wai za su ƙarar da hasken kafin a zo kanta.

"In na san yana tafe, ba komai," in ji shi. "Bar min shi a hannuna."

Haka aka yi. Sittana ta ɗora kyamara a kan ƙafafunta uku, ta daidaita, ta zagayo ta zauna a gefen Iya. Ni'mat ta zauna a ɗaya gefen, shi kuma ya tsaya a baya, rimot ɓoye a bayan kafaɗar Iya. Hoton farko Ni'mat ta rufe ido. A na biyu bakin Iya buɗe, tana faɗa. Daga baya aka samu wanda ya yi. Gumi ya jiƙe wuyan jallabiyarsa, amma bai gusa daga inda yake ba.

Iya ta karɓi kyamarar ta kawo ta dab da idonta. Ta ce yaran sun fito, ita ce wannan mayafi ya tsufar da ita, a ɗauko mata shuɗin a sake. Sittana ta duba batir, ta ga da saura, sannan ta dubi yayanta. Ya ce a ɗauko mata mana, shi bai gaji ba.

Ni'mat ta tafi neman mayafi. Sittana ta ce bari ta sha ruwa, ta fita. A bakin randa ta zauna a ƙasa da moɗa a hannu. Daga cikin ɗaki tana jin Iya na tambayarsa ko ya ci abinci, shi kuma yana amsa mata.