Kwamandan Farin Dutse

Malam Haladu na Farin Dutse mutum ne da bakinsa ke riga hankalinsa fita. Da ya tarar da gonar riɗinsa a tattake, sai ya zarce teburin mai shayi yana kumfar baki.

"Kwamanda ne! Wallahi ɗan ta'adda ne, kuma a rugar Iliyasu yake kwana!"

Kwamanda dai bijimin maƙwabcinsa Iliyasu ne, mai ƙaho ɗaya da taurin kai. Duk unguwar an san haka, amma ɗan acaɓan da ke kurɓar shayi a gefe baƙo ne. Kafin azahar labari ya isa Gwaram. Bayan la'asar ya dawo ta Birnin Kudu ya yi ƙiba, har da bindigogi da baƙar tuta.

Abin kunya, Haladu da kansa ya tsorata da ya ji. Har ya sa matarsa Barira ta fara ƙulle kaya, sannan ya tambayi inda 'yan ta'addan suka sauka.

"Rugar Iliyasu," in ji ta. "Matasa ma sun tafi ƙona ta."

Ya zura da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

A bakin rugar ya iske samarin ƙauyukan gefe da gorori da jarkar fetur. Liman Aminullahi ya tare hanya da sandarsa.

"Me ɗan ta'adda yake yi?" Liman yake tambayarsu.

"Yana afka wa waɗanda ba su ji ba su gani ba!" wani ya amsa.

"Yana ƙona gidaje!" in ji mai jarkar.

"Madalla. Kai kuma fetur ɗin nan na alwala ne? Allah ya ce wanda ya kashe rai ɗaya ba da hakki ba, kamar ya kashe mutane duka ne. Bai ce sai dai in a tsorace kake ba."

Haladu ya kutsa yana haki. "Jama'a, sa ne! Kwamandan sa ne!"

Kamar an kira shi, bijimin ya leƙo ta bayan danga yana tuƙa. Dariya ta ɓarke, mai jarka ya ɓoye ta a bayansa, taro ya watse kowa na cewa shi dama kallo ya zo.

Haladu ma ya dara, har sai da ya hangi Dada, tsohuwar uwar Iliyasu, wadda kullum take kawo masa nono. Daga cikin dawa ta fito, inda ta ɓuya, kaikayi a gashinta, ta rungume Alƙur'anin ɗanta kada ya ƙone.

"Inna, ki yafe ni," ya ce.

"Na yafe, Malam. Riɗinka ma za mu biya." Ta dubi hanya. "Gobe ma za su dawo?"