Mako Uku na Alhaji Mahamman

Duk dillalan shanun Garwa, babu wanda ya yarda Sadiƙa ta ɗebi majinar dabbarsa sai mahaifinta, Alhaji Mahamman. Sauran da sun hango ta da farar riga da akwatin ƙanƙara sai kowa ya tuna yana da uzuri. Likitar dabbobi ce, tana bincike a kan ciwon huhun shanu, kuma kowa ya san inda aka samu cutar, hukuma killace garken take yi.

Shi kuwa Alhaji har rakiya ya yi mata zuwa turke.

"Ɗebi son ranki, Sadiƙa," in ji shi. "Ai ke kika ce sai mako uku amsa ke dawowa."

Gaskiya ita ta faɗa. Shekara biyu tana wannan mitar a gida in ana cin tuwo. Injin da ke ɗakin bincikensu yana karanta ƙwayar cuta, amma bayanan da yake fitarwa sun fi ƙarfin intanet ɗinsu. Sai a zuba a faifan kwamfuta, a ba direban mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa ya kai Yawunde, can a tura wa manyan kwamfutoci su tantance. Alhaji bai san faifai ba, amma mako ukun nan ya riƙe shi gam.

Abin da ba ta ba shi labari ba, don mutum ba ya mita a kan abin da ya gyaru, shi ne tun watan jiya an jona su da sabon layi na masu bincike, waya ce a binne mai gudun tsiya. Abin da aka tura daga Garwa, abokan aikinsu na Yawunde da Njamena suna ganinsa nan take, har da ofishin dabbobi.

Tana rufe akwati wani bijimi ya yi tari, busasshe, yana miƙa wuya. Alhaji ya kau da kai.

"Alhamis za su kasuwar wajen Bibemi," ya ce. "Kafin takardarku ta dawo, an cinye su a kudu."

Nan ta gane. Ashe ya daɗe da jin tarin. Shanu arba'in ne, kuma su ne duk abin da ya mallaka. A kasuwar kuwa za su kwana turke ɗaya da ɗaruruwa, wasu su wuce Lagdo, wasu su tsallaka iyaka ta Mayo-Ulo.

Ranar Talata da azahar injin ya gama. Sylvain, abokin aikinta mai kula da kwamfutoci, ya juyo mata da allon.

"Docteur, a tura?" Haka suke kiranta a ofis, wato likita.

Sylvain ba yaro ba ne, ya ga sunan mai garken a jikin kwalaben majinar.

"In an bari sai Juma'a," ya ce yana goge tabarau, "babu wanda zai tambaya. Sai a ce layi ya yanke."

Tsoro ya kama ta, da haushin uban, da tausayinsa. Ta ja kujera ta danna da kanta. Ko ruwan da ta zuba a kofi ba ta shanye ba, bayanan suka isa. Kafin la'asar amsa ta dawo: ciwon huhu ne. Washegari ma'aikata suka je suka kewaye turken Alhaji da igiya.

Ranar Alhamis ta same shi a zaure bisa buzu, ga sandarsa jingine. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganinsa a gida ranar kasuwa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa kamar kullum.

"Kin ce mako uku."

"A da ke nan, Baba. An canza layi."

"Yanzu nawa yake ɗauka?"

"Minti goma sha ɗaya."

"Sha ɗaya," ya maimaita, yana gyaɗa kai kamar an faɗa masa farashin maraƙi. "Na'urar ce ke turawa da kanta, ko sai mutum ya sa hannu?"

Da ta ce na'ura ce, da ya yarda, don ya buɗe mata ƙofar da gangan.

"Ni na tura, Baba."

Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki carbinsa ya dube ta da ladabi, irin wanda yake yi wa jami'an gwamnati in sun zo duba takardu.

"To madalla. A gaida mutanen ofis, Docteur."