Tulin Duwatsun Inna

Kwana uku Riziki ta yi a otal ɗin bakin teku a garinsu Jambiani ba ta leƙa gidansu ba, alhali tafiyar minti goma ce. Shekararta goma sha tara a Denmark. Wata biyar da suka wuce Inna ta rasu, ba ta zo ba, tun ranar kuwa yayarta Mwanakombo ta daina ɗaga mata waya. Neman shiri ne ya kawo ta, amma kullum sai ta ce gobe, ta koma kan doguwar kujera da baƙin tabarau kamar sauran 'yan yawon buɗe ido. Tsoro take ji, ba wani abu ba.

Rannan da la'asar ruwan teku ya janye can nesa, ita da mijinta Torben suka taka cikin jiƙaƙƙen yashi, suka tarar da wani tulin duwatsu. Torben irin mutanen nan ne da ba sa ganin abu su ƙyale shi. Ya ce su jera duwatsun tsaye su ɗauki hoto. Har da dariyarta ta taya shi kwasa, suka gina 'yar hasumiya a gefe. Ta ga wani baƙin abu yana leƙowa daga yashin, ta ɗauka ciyawar ruwa ce.

'Yar Jambiani fa! Wadda ta tashi tana murza igiya a cinya. Kowace mace a garin nan ta san ana binne ɓawon kwakwa a yashi, a danne shi da duwatsu, ruwan gishiri ya yi wata shida yana laushe shi kafin a daka a murza igiya. Kowane tuli da mai shi. Sai da ruwa ya dawo ya rufe wurin, tana cikin cin kifi da shinkafa, abin ya faɗo mata. Ta ajiye cokali.

Washegari da sassafe ta fita ita kaɗai. Wata mata na tsugune a wurin, tana laluben yashi da hannu. Ko ta baya Riziki ta gane ta.

"Yaya."

Mwanakombo ta waigo, ta daɗe tana kallonta.

"Ke ce? Ji yadda kika koɗe kamar fereren rogo. Ba sa ba ki abinci ne a can?" Ta jawo ta ta rungume, jikinta duk gishiri. "Kin ga abin da suka yi mana? Na Inna ne. Shi ne na ƙarshe da ta binne, sati biyu kafin ta kwanta. Na ce in ya yi laushi zan murza, in saƙe gadonta da shi, in aika miki ragowar ko da kin ƙi zuwa."

"Yaya, ko za a samu wani..."

"Wani na wa? Teku ta kwashe, ko zare ba ta bari ba." Ta share hanci da bakin zane. "Tun asuba nake zaginsu, na gaji. Baƙi ne, me suka sani? Sun ga dutse, dutse ne kawai. Da ɗan gari ne ya yi mini wannan, wallahi sai mun tsaya gaban Allah. Taso mu tafi gida, na ɗora wake da kwakwa."

Babu wanda ya gan su jiya. Hoton yana wayar Torben, gogewa ba wuya. Ga hannun yayarta cikin nata, da kaushinsa da ɗuminsa, abin da ta ƙetaro duniya dominsa. Amma ta kasa ɗaga ƙafa.

"Yaya, ni ce. Ni na kwashe su."

Mwanakombo ba ta yi ihu ba. Ta zare hannunta a hankali, ta goge shi a zane, ta ɗauki kwandonta ta aza a ka.

"Ba komai, baiwar Allah," in ji ta. "Ai baƙo bai sani ba. A huta lafiya."